Sai an Faɗa wa Ƙudan Zuma

Na yi yawo, ba cika baki ba. Na ja tirela daga bakin wancan teku zuwa bakin wannan, na yi shekaru a Jidda ina gyaran na'urar sanyaya ɗaki, na zauna a Kumasi har na iya haɗiye fufu ban tauna ba. Amma duk yawon nan ban taɓa ganin mutanen da suka kai mu iya ɓoye ciwo ba. Ka tarar da mutum an zura masa roba ta hanci, an zura ta hannu, an zura ta inda ba a faɗa, ka ce masa “Ya jiki?” ya ɗago ido da ƙyar ya ce, “Da sauƙi.” Ni ɗin nan da nake tsokanar mutane a kai, kwanakin nan da ita nake kwana, da ita nake tashi. Shi ya sa Kaka Delu ta dawo mini a rai ta ƙi fita, ita da wani murhun ƙarfe da ke wani gida a Pleasant Garden.

Ban wuce shekara goma sha ɗaya ba a lokacin. Babana karatun noma ya kawo shi jami'ar da ke East Greensboro, nan ƙasar Turawa, ya gama, ya sami aiki, muka zauna. Mama tana aiki a masana'antar safa. Muna haya a Pleasant Garden, a ɓangaren baya na gidan wata tsohuwar Baturiya, Mis Opal, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da ƙaton fili da wata a-kori-kura mai tari kamar tsohon mashayin taba. Unguwar irin wadda in ba ka da mota ka zama ɗan kurkuku ce. Ko ihu ka yi, maƙwabcinka sai dai ya ɗauka kare ne.

Kaka Delu mahaifiyar Baba ce. An ɗauko ta daga gida ta yi wa Mama jegon ƙanwata, sanyi ya rutsa da ita. Ba abin da ta tsana kamar hitar ɗumama ɗaki ta ɓangarenmu.

“Wutar da ba ta da ido, ba ta da hayaƙi, ta ƙarƙashin ƙasa take huci kamar maciji,” in ji ta. “Ni da ita sai kallo.”

To a ɓangaren Mis Opal akwai murhun ƙarfe na gaske, na itace, mai ƙofar gilashi da kake ganin harshen wuta yana lasa. Ranar da Kaka ta gan shi, ranar ta yi ƙawa. Ana sallame magariba, wadda a lokacin sanyin garin nan kusan tare take zuwa da la'asar, sai ta goya jaririya ta ce mini, “Angona, tashi mu je gidan Uwale.” Sunan da ta raɗa wa Mis Opal ke nan. Ni kuwa angonta ne, mijin da ba ya cefane sai cin tuwo.

“Ni fa na sake ki, kin tsufa,” nake ce mata.

“Wa zai kwashe ka? Da wannan kan naka kamar an dafa ƙwarya?”

Ba wadda ke jin yaren wata a cikinsu, ni ne tafinta. Kaka tana da nata salon buɗe tatsuniya da ta ƙirƙiro a garin nan. Sai ta miƙe ƙafa ta ce, “Ga ta nan, tun daga gida ta taho, ƙafarta duk sanyi.” Ni in ce, “Ta matso ta ji ɗumi.” Har Mis Opal sai da ta iya amsawa, da wata irin Hausa mai sa Kaka ƙwalla don dariya. In ta gama kuma ta ce, “Ta ƙare, ta koma inda ta fito, ba don sanyin garin nan ba da na raka ta.”

Ita Mis Opal ba ta iya dogon labari ba. Abin da take da shi tarkacen hikimar kakarta ce, wadda aka ce daga Ingila ta zo a jirgin ruwa. Komai ya faru tana da karin maganar da za ta ɗora masa. Ta jefo ɗaya, in fassara, Kaka ta ce, “Wannan ai tamu ce suka sata,” ta jefo tata, in juya ta Turanci ta fito ba kai ba gindi. Ga camfi kuma, buhu-buhu. In gishiri ya zube sai ta tsinci kaɗan ta watsa ta bayan kafaɗarta ta hagu. Ba a ɗora takalmi a kan tebur. A saman ƙofarta akwai ƙarfen kofaton doki, bakinsa yana kallon sama don kada sa'a ta zube. Kaka ta riƙe haɓa ta ce, “Ikon Allah! Su da suka ƙera jirgin sama? Ashe duk da bokon, a tsorace suke kamar kowa.” Ita da ke faɗin haka, in na yi fito bayan magariba sai ta jefe ni da takalmi.

A bayan gidan, can wajen bishiyoyi, akwai fararen akwatunan ƙudan zuma na marigayi mijin Mis Opal. Baba a ƙauye ya tashi, tun yana yaro yake hawa bishiya ɗaura amya, don haka da muka tare shi ya karɓi kula da su. In ya je sai ya yi musu sallama kamar zai shiga zauren mutane. Da Hausa yake musu hira, yana busa musu hayaƙi yana tambayarsu ya aiki. “Mutanena” yake kiransu. Mis Opal ta sha faɗa cewa zumar nan ta daina zama tata, ta zaɓi maigidanta.

Sai Baba ya kwanta. Da farko an ce gyambon ciki ne. Idonsa ya yi rawaya, aka riƙe shi a asibiti. Wata rana ina zaune a barandar asibitin da littafin makaranta a cinya, likita ya fito ya tsaya da Mama da Alhaji Maman, wani dattijo ɗan Nijar aminin Baba, wanda shi ne uban duk wani Bahaushe a garin a zamanin. Sun manta cewa na fi su jin Turanci. Likitan ya ce hanta ce, ta riga ta ci jiki, ba sauran abin yi. Ya ce maganar kwanaki ake, ba watanni ba, duk wanda ya kamata ya gan shi a kawo shi.

A mota, sai da muka fita daga gari Alhaji Maman ya yi gyaran murya.

“Bon. Hajiya Delu tana da tansiyo, hawan jinin nan, ga zuciya. In ta ji wannan, nan take za ta faɗi. A ce mata da sauƙi, lokotoro ya hana tsofaffi shiga saboda murar da ake yi. In abin ya faru, sai mu taru mu san yadda za mu yi.”

Mama ta juyo ta kalle ni, ta ga fuskata, ta gane na ji.

“Nasiru, rantse.”

“Mama…”

“Rantse da Allah ba za ka faɗa wa Kaka ba.”

Na rantse.

Akwai abin da ya sa ƙaryar ta zauna daram. Baba ɗan fari ne. Kaka ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko sau ɗaya ban ji ba. “Mutumin nan” take ce masa, ko “uban yaran nan”. In ya shigo ɗaki sai ta kawar da kai kamar an shigo da kayan wani. Kunyar ɗan fari ta hana ta nuna damuwa da shi, ta hana ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. In Mama ta dawo ta ce, “Inna, jikin da sauƙi,” iyakarta ta ce, “To, madalla,” ta ci gaba da jan carbi. Su Mama suka ɗauka ta yarda. Su ba za su faɗa ba, ita ba za ta tambaya ba, Baba kuma kullum ƙara narkewa yake a kan gado.

Ni nake ganin sauran. Kullum in aka kwashe tuwo sai ta ware malmala biyu ta sa a kula, ba ta ce na wane ne ba, da safe ta ɗumama ta ba ni. Akwai wata hula da take ɗinkawa a bakin murhu, na ce ta wa ce, ta ce ta wani ce, ba ta mai kan ƙwarya ba. In mota ta wuce a titi allurarta takan tsaya cak har sai ƙarar ta ɓace.

A asibiti kuma, duk sanda aka turo ƙofa sai Baba ya ɗaga kai ya duba bayan wanda ya shigo. Shi ma da bakinsa ya ce kada a tayar wa Inna hankali, amma idonsa bai bar ƙofar nan ba. Yakan kama hannuna ya ce, “Ya mutanena? Ka duba iska ba ta ture murfinsu ba?” Sai can ƙasa-ƙasa, “Tana cin abinci?”

Na roƙi Mama. A kicin na same ta tana wanke kwanon da ta riga ta wanke, na ce a kai Kaka ko sau ɗaya ne. Ta juyo a fusace, ta ɗaga hannu, sai kuma ta zauna a ƙasa ta rushe da kuka.

“So kake in binne mutum biyu a ƙasar da ba ni da kowa? So kake?”

Ban ƙara ba. Na koma roƙon Allah, addu'a iri biyu da ban san wadda zan sa a gaba ba: kada Baba ya mutu, in kuma zai mutu ya jira. Abinci ya daina shiga. A makaranta malama tana magana ina kallon agogo, ina cewa ƙila yanzu ne, ƙila ya riga ya faru, Kaka tana can tana ɗinkin hula. Ga magariba ba ta fashi. Dole in zauna a bakin wuta in ce “Ta matso ta ji ɗumi,” in yi dariya a inda ake dariya.

Mis Opal ta sani, don ita ke kai Mama asibiti in Alhaji bai samu zuwa ba. Mama ta roƙe ta ta yi shiru, ta yi, amma shirun bai zauna mata ba. Wata magariba Kaka ta gama tatsuniyarta ta ce, “Uwale, saura ke.” Mis Opal ta daɗe tana gyara itace a murhu. Sannan, ba ta kalli kowa ba, ta ce a garin kakarta duk gidan da ke da zuma, ba a yin babban abu a ɓoye musu. In an yi haihuwa a je a faɗa musu. In aure ne a kai musu ɗan abincin biki. In kuwa mai su ya mutu, dole wani ɗan gidan ya ɗauki makullin ƙofa ya je ya ƙwanƙwasa kowane akwati a hankali, ya faɗa musu, ya ɗaura musu baƙin ƙyalle.

Na fassara. Kaka ta ƙyalƙyale da dariya.

“Ƙwari? Ƙwari za a kai wa gaisuwar mutuwa? Kai, Uwale, mutanenki sun ƙi sallah sun kama wahala.”

Ta ja zare, ta cije shi. Can ta ce, “Tambaye ta. In ba a faɗa musu ba fa?”

Mis Opal ta ce, “Sai su tashi. Wata safiya ka je ka tarar da akwati ba kowa. Ko su zauna su daina aiki, su mutu a ciki.”

Kaka ta naɗe hular ta miƙe. Ranar ko sallama ba ta yi wa ƙawarta ba.

Washegari Mama ta bugo waya ta ce a asibiti za ta kwana. Na san abin da hakan ke nufi. Muka je bakin murhu kamar kullum, Kaka ta kwantar da jaririya, ta miƙe ƙafa. Ba ta zo da hular ba.

“Ga ta nan, tun daga gida ta taho, ƙafarta duk sanyi.”

“Ta matso ta ji ɗumi.”

Ta ce a wani gari an yi wani mutum mai amya ɗaya a kan tsamiyar bayan gidansa. Kullum da safe sai ya je ya yi sallama. A cikin amyar akwai wata tsohuwar zuma, fukafukanta sun cinye, ba ta fita kiwo. Ita ce ranar da aka haife shi ta ɗiga abin da aka fara lasa masa a baki, don haka akwai kunya tsakaninsu. In ya yi sallama kowa ya amsa, ita sai ta juya baya.

Wata safiya bai zo ba. Ƙananan suka fita tambaya. Kurciya ta ce ya tafi fatauci. Akuyar gidan ta ce ɗan zazzaɓi ne, da sauƙi. Ƙadangare ya gyaɗa kai kawai, don shi komai ka ce masa gyaɗa kai yake. Suka dawo da murna suka ce da sauƙi. Tsohuwa ta ce, “To, madalla. A ci gaba da tara masa.”

“Amma fa, angona,” in ji Kaka, tana kallon wuta, “zuma da hanci take rayuwa. Ta ji ƙamshin gidan ya sake. Ta ji matar gidan tana daka, taɓaryarta ba ta waƙa. Ta ga ɗan karen gidan, mai ɗan banzan ci, an zuba masa ya sunsuna ya bari. Ta sani sarai. Sai dai ba a faɗa mata ba. Abin da ba a faɗa maka ba, da wace ƙafa za ka je masa?”

Ta ce suka yi ta tarawa, saƙa ta cika har tana ɗiga a jikin tsamiya. Sai wata rana da hantsi suka hango makara ta biyo ta ƙarƙashin bishiyar, mutane na biye. Ba wanda ya ɗaga kai. Nan take zumar da ke amyar ta koma ɗaci kamar maɗaci. Ƙudan suka tashi baƙi ƙirin suka yi gabas. Tsohuwa ba fiffike, ita aka bari a ciki.

Nan ta tsaya. Na jira ta ce ta ƙare ta koma inda ta fito, ba ta ce ba. Mis Opal tana kallona in fassara, na kasa.

“Kaka, ta ƙare?”

“Ban sani ba tukuna.” Ta gyara zani. “Ka ce wa Uwale al'adar mutanenta da kyau, amma sun makara. Sai mutum ya mutu za a je da makulli? A faɗa musu su yi me?”

Sannan ta juyo gaba ɗaya ta dube ni.

“An rantsar da kai, ko?”

Hawaye suka ɓalle mini. Na buɗe baki, ta ɗaga hannu.

“Rufe. Ba na zama da miji mai karya rantsuwa. Ba ni na tambaye ka ba, ba kuma za ka faɗa mini ba. Amma mutanen nan na bayan gida, su ma an rantsar da kai a kansu?”

Na girgiza kai.

“To gobe in rana ta fito ka je ka sauke musu haƙƙinsu. Zan raka ka, don na san ka da tsoro, kada su harbe ka ka zubar mini da mutunci a gaban Turawa.”

Da safe raɓa ta daskare a kan ciyawa, tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin ƙafa. Kaka ta ɗora babbar kwat ɗin Baba a kan zaninta, ta zuba safar masana'antar su Mama har biyu, ta zura silifas. Mis Opal tana tsaye a baranda da jaririya a kafaɗa. Ba wanda ya yi mata bayani, amma da na zo wucewa ta zare makullin ƙofarmu daga inda yake rataye ta danƙa mini.

Da sanyi ƙudan ba sa fita, suna ciki a cure. Na durƙusa gaban akwatin farko na ƙwanƙwasa. Sai na ji wani gunji ya taso daga ciki, kamar mutane da yawa sun amsa sallama a tare. Kaka tana tsaye a bayana, ta ba ni baya, tana kallon daji tana jan carbi, kamar wadda ta fito shan iska.

Na fara da Turanci, don ya fi mini sauƙin fita. Sai na ji ta ce wa bishiyoyi, “Oho, ban san mai su da Turanci yake musu magana ba.”

Na sake, da Hausa.

“Salamu alaikum. Ni ne Nasiru, ɗan mai ku. Babana yana asibiti. Ba gyambon ciki ba ne, hanta ce. Ba sauƙi. Likita ya ce ba zai tashi ba, kwanaki suka rage, ƙila ma ba su kai ba. Ba a hana kowa shiga ba. Kullum yana tambayarku.” Na ƙara matsawa kusa da akwatin. “Kullum aka buɗe ƙofa sai ya duba.”

Ƙarar carbin ta tsaya. Na jira in ji faɗuwarta. Wallahi na riga na ga yadda za ta kife a kan ciyawar nan, na ga Mama, na ga makara biyu. Ban iya juyawa ba.

“Saura sauran,” ta ce. “Kada ka yi musu wariya.”

Haka na bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya ina maimaitawa, tana tsaye tana ji. Da na gama ta juya ta nufi gida, tafiyar da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta tsaya a gaban baranda ta nuna a-kori-kura da carbi.

“Uwale. Mota.”

Wannan bai buƙaci tafinta ba. Ta kuma shiga kicin ɗin Mis Opal da kanta ta ɗauko kwalbar zumar da Baba ya tace lokacin girbi, ta cusa a aljihun kwat.

Alhaji Maman muka fara tararwa a barandar asibitin. Ya miƙe zumbur, hularsa ta kusa faɗuwa.

“Hajiya! Bon, ai lokotoro ya ce…”

“Maman, na haife ka. Matsa.”

Ya matsa. Mama ta fito daga ɗakin, ta ga Kaka, ta juyo kaina da ido jajur.

“Wallahi ban faɗa mata ba,” na ce. “Zuma na faɗa wa.”

Baba ya zama kamar an shimfiɗa riga a kan gado. Ya ɗaga kai ya dubi ƙofa kamar yadda ya saba, wannan karon idonsa ya tsaya. Ya yi yunƙurin tashi ya kasa.

“Inna… da sauƙi.”

“Na gani,” in ji ta.

Ta zauna a wajen ƙafafunsa, ta kawar da kai gefe yadda ta saba. Ta daɗe a haka tana kallon bango. Sai ta sa hannu ta yaye bargon, ta kama ƙafarsa ta riƙe da hannu biyu, ta juyo ta dube shi ido cikin ido.

“Yahuza.”

Ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Ina jin shi ma bai taɓa ji ba. Mutum mai gemu, mai digiri biyu, ya fashe da kuka irin na yaron da aka manta a kasuwa. Ta matsa, ta buɗe kwalbar, ta tsoma ɗan yatsa ta shafa masa a leɓe. Wata nas ta taho za ta hana, Mis Opal ta tare ƙofa da jikinta da jaririya da komai.

Bai kai Juma'a ba. Tana zaune a gefensa, ita ta yi ta laƙƙana masa kalmar shahada. Da muka dawo daga maƙabarta Mis Opal ta fito da baƙin ƙyalle, Kaka ta karɓe ta mayar mata, ta yage farin mayafinta ta ce mu da fari muke raka namu. Shi muka ɗaura wa akwatunan. Ƙudan ba su tashi ba. Zuciyar nan kuwa da aka yi ta tsoro, ta mai da Kaka gida, ta riƙe ta shekaru masu yawa, har sai da ta aiko da ta'aziyyar Alhaji Maman.

Na daɗe ina ɗauka darasin shi ne ƙarya ba kyau, irin abin da ake koya wa yara. Sai da na girma, na zauna a garuruwan mutane, na ga yadda ake yi wa baƙo. Ana ba shi abinci, ana yi masa fara'a, amma in abu ya faru a gidan sai a rage murya in ya shigo. Nan na gane abin da ke tayar da ƙudan nan. Ba baƙin cikin mutuwar ba ne. Nuna musu aka yi su ba 'yan gida ba ne. Su Mama don tausayi suka yi, ba na ko shakka, amma tausayin nan ya mai da Kaka baƙuwa a ciwon ɗan da ta haifa.

To, ga ni nan, mai wa'azi. Wata biyu ke nan da likita ya zaunar da ni ya juyo mini fuskar kwamfuta. Hanta ce, irin ta Baba. Na ajiye tirela. Matata ta sani, na kuma rantsar da ita. Mama tana unguwar Glenwood yanzu, a wani ɗan ƙaramin gida tsakiyar 'yan jami'a da ke ɗauko mata kaya daga mota. Ta tsufa, tana da hawan jini, ga zuciya. Ni ne ɗan farinta. Tun da nake ban ji sunana a bakinta ba sai ranar rantsuwar nan. “Direban nan” take ce mini.

Jiya na je gaishe ta. Ta zubo tuwo, na yi loma biyu na ce na ƙoshi. Na ce ɗan gyambon ciki ne ke damuna, da sauƙi. Ta ce, “To, madalla.” Ta ɗauke kwanon, ta daɗe tana wanke shi. Ta ba ni baya ta ce,

“Gidan nan na Pleasant Garden, har yanzu akwai akwatunan?”

Na ce akwai, jikan Mis Opal ke kula da su, nakan biya mu gaisa.

“Gobe in rana ta fito a zo a kai ni.”

“Mama, in zuma kike so ai sai in sayo miki a kanti.”

Ba ta juyo ba. Ta kife kwanon, ta goge hannu a zani, ta ce wa bango,

“A taho da makullin gida.”

Ga shi nan a aljihuna. Tun ɗazu nake gwada yadda zan fara, kuma na san da Hausa za ta ce a yi.